DAGA OTIGBA ZUWA KONA: TSOHUWAR KWAMFUTA BA TA MUTU BA

Ran 25 ga watan Agusta na 1991, wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya sanar da abokan sha'awarsa cewa yana nan yana harhaɗa wata manhaja wadda za ta riƙa tafiyar da kwamfuta. Ya ce kada su ɗauki abin da girma, don ɗebe kewa kawai ya ke yi. Bayan kwana biyu, watau ran 27 ga watan, sai Janar Ibrahim Babangida ya ba da sanarwar ƙirƙiro sababbin jihohi tara. Aka raba Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba, aka mai da Jalingo hedkwatar Taraba.

Ashe ke nan manhajar nan da a ke kira Linux da Jihar Taraba tsaran juna ne, kwana biyu rak ke tsakaninsu.

To, mene ne ya haɗa wannan labari da mutumin Arewa mai neman abinci a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ko Sabon Badun? Abin da ya haɗa su shi ne aljihunsa. Duk wanda ya daɗe a Kudu ya san irin saƙon da kan zo daga gida. Da can rediyo a kan roƙa, ko agogo, ko keke. Yanzu kuwa sai waya ta yi ƙara bayan sallar isha'i, a gaisa, a tambayi iyali da kasuwa, sa'an nan ƙane ya sassauta murya ya ce, "Yaya, don Allah in Allah ya hore, kwamfuta na ke so, ko da ta hannu ce."

A ɗauka wannan ƙane a Kona ya ke. Kona tsohon garin Jukunawa ne da ke gefen Jalingo, ya ma girmi Jalingon, wadda Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a 1893. Yanzu Kona tana ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jalingo. Saurayin da ya tashi a can ba don fankama ya ke roƙon kwamfuta ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta, saboda haka yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan kibod ba ya shiga ɗakin jarrabawa da tawaya tun kafin a ba shi tambaya. Ga kuma Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, nan kusa da shi. In ya samu shiga, aikin makaranta duk sai an buga.

Shi kuwa Yaya, sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfinsa. Tun da aka saki naira ta nemi wa kanta daraja a watan Yuni na 2023, duk abin da a ke sayowa da dala ya yi tashin gwauron zabo. Abin da ya rage masa shi ne gwanjo, wadda mutanen Ikko ke kira tokumbo. A nan ne fa sanin abin da ke cikin akwatin ya ke raba mai riba da mai asara.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

Mutane da yawa suna ɗaukar kwamfuta kamar ƙwai, in ya fashe shi ke nan. Ba haka ba ne. Kwamfutar tebur ta fi kama da keke ko babur, domin sassa ne daban daban aka ɗaure da kusoshi, kuma kowane sashe a kan cire shi a sa wani. Asalin wannan kuwa tun 1981 ne, sa'ad da kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta mutum ɗaya. Don gaggawa, bai tsaya ƙera kome da kansa ba, sai ya sayo sassa daga wasu kamfanoni, ya kuma buga bayanin yadda aka haɗa su. Nan da nan wasu suka kwaikwaya. Daga nan ne aka samu masu sha'awar haɗa kwamfuta da hannunsu, mutum ya sayi wannan a nan, ya sayi wancan a can, ya zauna da sukundireba ya tayar da na'urarsa.

Sassan ba su da yawa. Akwai babban allo, wanda 'yan kasuwa ke kira madabod, shi ne kowane sashe ke hawa kansa. Akwai furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar da ke lissafi. Akwai ram, wadda ta ke kamar faifan da mai talla ke baza kayan da ya ke sayarwa a lokacin, in faifan ƙarami ne dole a yi ta kwashewa ana sakewa. Akwai ma'ajiya, watau rumbun da kome ke kwana a ciki ko an kashe wuta. Sai akwatin wuta, wanda ke karɓar lantarki daga bango ya rage masa ƙarfi ya rarraba. Sauran fanka ne da wayoyi.

Galibin kwamfutocin gwanjo da ke shigowa ta tashar jiragen ruwan Ikko na ofisoshin Turai da Amurka ne, irin su Dell OptiPlex da HP da Lenovo ThinkCentre. Ba lalacewa suka yi ba, wa'adin da ofis ya ɗibar musu ne ya cika. An ƙera su don su yini a kunne, saboda haka sun fi wasu sababbin na araha ƙarko. Amma a cikin kwantena ɗaya akwai mai rai akwai gawa, kuma a Titin Otigba na Ikeja, inda a ke kira Computer Village, ko a kasuwar Alaba, duk a kan goge su su yi ƙyalli iri ɗaya.

Babban tarkon da a kan kama baƙo da shi shi ne sunan furosesa. Mai shago zai buga ƙirji ya ce wannan Core i7 ce, ba ta da na biyu. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Kamfanin Intel ya yi shekara da shekaru yana fitar da i3 da i5 da i7, zuriya bayan zuriya, suna ɗaya ƙarfi daban. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da sunan. In aka ga i7-2600, lambar farko 2 ce, watau zuriya ta biyu, ta 2011. In aka ga i5-6500, zuriya ta shida ce, ta 2015. In kuwa i5-8500 ce, ta takwas ce. Sau da yawa i5 ta zuriya ta takwas ta fi i7 ta zuriya ta biyu nesa ba kusa ba. Wanda ya san wannan kaɗai, ya sa mai shago ya gyara zama.

Ita ma ram iri iri ce. Akwai DDR3 ta tsofaffin na'urori, akwai DDR4 ta na bayansu, kuma ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya, don an yi wa kowace tsaga a wuri dabam. Wanda ya danna da ƙarfi sai ya karya allo. Ga shi kuwa a ƙarshen 2025 kuɗin ram ya hau a duniya duka, saboda manyan kamfanonin da ke gina rumbunan ƙirƙirarriyar basira sun yi wa kasuwar wawa. Saboda haka kafin a biya, a sa mai shago ya kunna na'urar ya nuna yawan ram ɗin da ke ciki a kan allo, kada a tsaya ga abin da aka manna a jikin akwati.

Amma gyaran da ya fi kowane canja tsohuwar kwamfuta shi ne na ma'ajiya. Tsohuwar ma'ajiya faifai ne na ƙarfe mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana bin sa tana karantawa, kamar garmaho. Sabuwar kuwa, wadda a ke kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinta. Na'urar da kan yi minti biyu ko uku kafin ta farka, har mutum ya haɗa shayi ya dawo, in aka sa mata SSD sai ta tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Kusoshi huɗu ne da wayoyi biyu. Yaron da ya iya canja fulogin babur zai iya.

RANAR DA AKA YAYE WINDOWS 10

Dalilin da ya sa wannan magana ta taso da ƙarfi shi ne abin da ya faru ran 14 ga watan Oktoba na 2025. A ranar ce kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, babbar manhajar da ke kan yawancin kwamfutocin gwanjo. Ba wai na'urar za ta ƙi tashi ba ne. Za ta tashi, amma ta zama kamar gidan da maigadi ya ajiye aiki, in ɓarayin intanet suka gano wata sabuwar kafa, ba mai zuwa ya toshe. Kamfanin ya ba da ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista, amma wa'adi ne, ba zama ba.

Magajiyarta kuwa, Windows 11, tana da zaɓen miji. A ƙa'ida ba ta hawa furosesar Intel da ta gaza zuriya ta takwas, kuma sai na'urar tana da wani ɗan sashen tsaro da a ke kira TPM 2.0. Ma'ana, miliyoyin kwamfutoci masu ƙoshin lafiya an sallame su rana ɗaya. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda da yawansu za su nufa, jirgin ruwa ne zuwa Apapa da Tin Can. Wannan yana da fuska biyu. Kayan za su yawaita, mai ƙaramin ƙarfi ya samu. Amma wanda bai sani ba zai sayi na'urar da masu ita suka riga suka yi mata sallama, mai shago ya ɗora mata Windows ta sata, a aika Kona, bayan 'yan watanni ƙwayar cuta ta cinye aikin yaro.

A nan ne abin ɗebe kewar ɗalibin nan na Finlan ya ke shigowa.

Shi kansa Torvalds ba ɗan mai kuɗi ba ne a lokacin. Kwamfutar da ya fara aikin a kanta, a farkon 1991 ya saye ta bashi yana biya kaɗan kaɗan, ram ɗinta megabait 4 ne kacal, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya mai kyau na wayar zamani ba. Daga baya ma masu amfani da manhajarsa ne suka yi karo-karo suka biya masa ragowar bashin. A 1992 ya sa Linux ƙarƙashin wata yarjejeniya mai suna GPL, wadda wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya tsara. Sharaɗinta shi ne kowa na da izinin ya kwafa, ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani, amma in ya raba abin da ya gyara ba shi da ikon ɓoye gyaran. Kamar rijiyar unguwa ce, kowa ya ɗiba, wanda ya yashe ta kuma ba zai sa mata kwaɗo ba.

Yau ga inda abin ya kai. Tun watan Nuwamba na 2017, manyan kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya duk Linux ke tafiyar da su. Kuma duk mai riƙe da wayar Android, ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung, Linux ce a ƙarƙashinta. Watau mai shayin Obalende ya daɗe yana yawo da ita a aljihu bai sani ba.

Da ya ke kowa na iya gyarawa, sai ta zama iri iri, kamar yadda shinkafa ɗaya ke zama dafa-duka ko tuwo ko waina. Akwai Debian, tun 1993. Akwai Ubuntu, wadda wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da ita a watan Oktoba na 2004, sunan kuwa daga harsunan Zulu da Xhosa ne, ma'anarsa mutuntaka. Har zuwa 2011 kamfaninsa kan aika wa duk wanda ya roƙa faifan Ubuntu ta gidan waya kyauta, ko a wace ƙasa ya ke. Akwai kuma Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da Windows, shi ya sa ta fi sauƙi ga sabon shiga. Ga na'urar da ta tsufa ƙwarai, akwai marasa nauyi irin su Lubuntu da Xubuntu.

Yadda a ke sa ta ba wuya. A sauko da ita daga intanet sau ɗaya, abin da zai ci data wajen gigabait 3 in Mint ce, a ɗora a kan filash. Filash ɗin nan ɗaya ya isa a sa wa kwamfuta goma ko ɗari, kuma ba sata aka yi ba. Har ila yau a kan iya tayar da na'ura daga filash ɗin a gwada, a ga ko sauti da intanet suna aiki, ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Sai dai a yi hattara ran da za a girka ta sosai, domin in aka zaɓi a share ma'ajiya, to, hotunan biki da takardun makaranta duk sun tafi. A kwashe su tukuna.

Nijeriya ba baƙuwar Linux ba ce. A 2007 an raba wa 'yan makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja 'yan ƙananan kwamfutocin nan kore da fari na shirin One Laptop per Child, Linux ce a kansu. A shekarar ce kuma aka yi odar kwamfutocin 'yan makaranta 17,000 masu ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa, har aka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridun duniya da aka ji batun za a sauke ta a sa Windows. An kuma taɓa yin wata ta gida mai suna Wazobia Linux, da nufin a yi aiki da ita cikin Hausa da Yarbanci da Ibo. Waɗannan duk sun yi zamaninsu sun wuce. Abin da ya wanzu shi ne wani ɗan alheri da masu rubutun Hausa za su yaba: a cikin jerin tsarin kibod na Linux akwai na Hausar Nijeriya, in aka zaɓe shi sai a buga ƙ da ɗ da ɓ kai tsaye, a huta da rubuta ƙasa ta koma kasa.

Amma fa kada a yi wa Linux kirarin da ya wuce ta. Tana da LibreOffice don rubutu da lissafi, tana buɗe takardun Word, tana da Firefox don shiga intanet, wannan ya wadatar da ɗalibi. Sai dai CorelDRAW da Photoshop, waɗanda shagunan buga katin aure da fostar 'yan siyasa suka dogara a kansu, ba a yi su don Linux ba. Akwai makwafinsu, Inkscape da GIMP, amma sai an sake koyo, kuma mai shagon da za a kai wa aiki wataƙila ya ce bai san zancen ba. Wasu injinan buga takarda ma sukan yi gardama. Saboda haka in ƙanen nan sana'ar zane ya ke nufi, gara Yaya ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin na'ura ta zuriya ta takwas. In kuwa karatu ne da koyon sarrafa kwamfuta, ta zuriya ta huɗu ko ta shida, da ram gigabait 8 da SSD da Linux, za ta yi masa shekaru. Wadda ta haura shekara ashirin kuwa, ko Linux ta fara juya mata baya, a bar wa mai shago kayansa.

ZAFI, ƘURA DA WUTA

Saye a Ikko rabin aiki ne. Tsakanin Ikko da Jalingo ya fi kilomita 1,000, kuma kayan da aka ba direba sai sun sha girgiza ta Wukari da Mutum Biyu kafin su sauka. Tsohuwar ma'ajiya mai allura ba ta son wannan, wani dalilin ke nan na sa SSD tun daga Ikeja. Sau da yawa in kaya suka iso aka kunna, sai a ji na'ura tana ƙara ɗit ɗit, allo baƙi ƙirin, hankalin kowa ya tashi a ce an cuci Yaya. Galibi ba kome ba ne illa ram da ta ɗaga a hanya. A cire ta, a goge haƙoranta da abin goge fensir, a mai da ita har ta ce ƙas.

Daga nan sai yanayin wurin. A watannin Maris da Afrilu zafin Jalingo kan kai awo 40, furosesa kuwa da ma da nata zafin. Tsakaninta da ƙarfen da ke sanyaya ta akwai wani ɗan man shafawa mai launin toka, wanda a na'urar da ta shekara goma ya riga ya bushe kamar laka. A kankare shi a sa sabo, gwargwadon ƙwayar wake, ba a lafta ba. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fanka, sai an riƙa buɗewa ana hurewa. Hunturun yana da wata illa da ba kowa ya sani ba. Tartsatsin nan da mutum kan ji in ya cire rigar sanyi ko ya taɓa ƙofar mota, shi kaɗai ya isa ya kashe ram ko madabod ba tare da an ga alama ba. Don haka masu wannan sha'awa kan zare waya daga bango, su taɓa ƙarfen akwatin da hannu tukuna, sa'an nan su taɓa abin da ke ciki, kuma a gefe gefe su ke riƙe sassan.

Wuta kuwa sai a hankali. Kamfanin rarraba lantarki na Yola ne ke ba Taraba, kuma kamar ko'ina a ƙasar nan, a kan ɗauke ba sallama a kawo ba sallama. Kwamfutar tebur ba ta da batir, da an ɗauke ta mutu, abin da ba a adana ba ya tafi. Mai hali ya haɗa da UPS, wanda zai riƙe ta 'yan mintoci a rufe aiki. In gidan da sola su ke aiki, to, a bar babban akwati a nemi 'yan ƙananan nan na ofis masu girman littafi, irin su ThinkCentre Tiny ko OptiPlex Micro, waɗanda yawancinsu cajar wat 65 ke ɗauke da su. Su ma a kan buɗe su da kusa ɗaya a ƙara ram a canja ma'ajiya. Inda data ta yi tsada kuma, akwai manhajar Kiwix, wadda a kan sauke Wikipedia da ita tun daga Ikko, har da ta Hausa, yaro ya yi ta karatu a Kona ba tare da intanet ba.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi kowane ƙanƙanta, ya kuma sha jawo asara. A bayan akwatin wutar wasu tsofaffin kwamfutocin tebur akwai wani ɗan jan makunni, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗaya gefen 230. Lantarkin gidajen Amurka 120 ne, na Nijeriya kuwa 230. Na'urar da ta fito daga Amurka takan iso makunninta yana kan 115, in aka soka ta a bango a haka sai a ji fau, hayaƙi ya tashi. Kafin a naɗe kaya a kai tasha, Yaya ya juya akwatin ya duba da idonsa, ya tura makunnin zuwa 230, ya manne shi da salatif, sa'an nan ya buga wa ƙanen waya ya gaya masa kada kowa ya taɓa wurin.